Ɗana ya gina matakin da ya gagare shi a Super Mario Maker 2, wa ya taɓa shiga irin wannan?

Baban Uku:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman waɗanda suka riga ni shiga wannan hali. Ɗana na tsakiya, shekararsa takwas, ya shafe kwana huɗu yana gina mataki a Super Mario Maker 2, wasan bidiyon da mutum ke gina matakan Mario da kansa ya ɗora a intanet wasu su buga. Ya jera Bowser, babban dodon wasan, har uku, ya ba kowanne naman kaza ya zama ƙato, ya liƙa musu fukafukai, ƙasa kuma duk wuta. Da ya zo ɗorawa a intanet sai wasan ya ce masa a'a, sai ya wuce matakin da kansa tukuna, daga farko har sandar tuta. Ya gwada ya kai sau hamsin bai ko kusa ba. Yanzu ya miƙo mini hannun wasan wai in wuce masa, ni kuwa rabona da Mario tun ina saurayi. Daren jiya har kuka ya yi. In zauna in yi ta fama har in wuce masa, ko in bar shi da abinsa?

Maman Tagwaye:
Wa alaikumus salam. Malam, kada ka wuce masa. Ni na yi wannan kuskuren. Na kwana biyu ina fama da matakin da 'yata ta gina, babban yatsana har ya yi kanta, na samu na wuce da kyar, muka ɗora. Bayan mako guda muka duba: mutane sun shiga, kusan babu wanda ya fita, kuma wasan yana nuna maka jajayen alamomi a duk inda 'yan wasa suka mutu. Nata duk sun taru wuri ɗaya, taku kaɗan daga farawa, inda ta ɓoye bulon da ba a gani sai ka yi tsalle ka buga kai ka faɗa rami. Zuciyar yabo ko ɗaya ba ta samu ba. Ta fi jin zafin wannan a kan hana ta ɗorawa da aka yi da farko.

Abin da ya gyara mana lamarin shi ne na sa tagwayen suna gwada wa juna. Wanda ya gina ba ya magana, ba ya nuna hanya, zama kawai zai yi ya kalli ɗan'uwansa yana wasa. Ranar farko sai da na raba faɗa sau uku. Amma a nan ta gane cewa abin da take gani a fili, don ita ta ajiye shi, wani ba ya ganinsa sam.

Tsohon Ɗan Wasa:
Baban Uku, Allah ya shirya mana su. Bowser uku masu fukafukai ai kowa da shi ya fara, har mu manya. Ni tun na farko nake yi, wanda ya fito a na'urar Wii U a 2015 lokacin cikar Super Mario Bros. shekara talatin, kuma matakina na farko bai fi na ɗanka hankali ba.

Dokar nan da ta tsaya masa a wuya ita ce ginshiƙin wasan gaba ɗaya. Ba don ita ba da rumbun ya cika da matakan da ba su da mafita. Kuma ka lura, in ya sa tutar tsakiya, wadda ake farfaɗowa a kanta in an mutu, sai ya sake wucewa daga kan tutar ma, don a tabbatar wanda ya farfaɗo a nan bai maƙale ba. Wasu yaran, da manya marasa kunya, sukan yi wayo: su ɓoye ƙofa ko tauraro a wani lungu da su kaɗai suka sani, su bi ta nan su wuce, su bar jama'a da wahala. Ka sa ido, in wani ya koya masa wannan dabarar to an gama, ba zai ƙara gyara komai ba.

Shawarata, ka kunna masa matakin farko na Super Mario Bros. na 1985, ku kalle shi tare a hankali. Fili ne a buɗe, sai Goomba, wani ɗan ƙaramin abokin gaba, guda ɗaya tak ya taho, dole ka koyi tsalle. Ka buga bulo naman kaza ya fito, ya gangara ya bugi bututu ya dawo kanka, ko ka so ka kauce da wuya, sai ka ga ashe girma yake sa ka. Ba a rubuta maka ko kalma ɗaya ba, amma cikin minti guda an koya maka wasan. Shigeru Miyamoto da Takashi Tezuka, waɗanda suka tsara wasan, a kan takarda mai gidaje-gidaje suke zana matakan nan kafin a shigar da su na'ura. Jikana da na nuna wa haka, yanzu sai ya zana a littafin lissafinsa kafin ya taɓa wasan. Uwarsa dai ba ta gode mini ba.

Anti Malama:
Ina goyon bayan Baba Tsohon Ɗan Wasa a kan komai sai abu ɗaya. Yaro ɗan shekara takwas ba lallai ya zauna a yi masa darasin zane ba. Akwai hanya mafi sauƙi a cikin wasan kansa. Ɓangaren labari, inda karen nan Undodog ya taka maɓalli ya rushe fadar gimbiya Peach ake tara sulalla a sake gina ta, yana da matakai sama da ɗari da waɗanda suka ƙera wasan suka gina da kansu, kuma kusan kowanne dabara ɗaya yake ɗauka ya juya ta ta fuskoki daban-daban. Ƙanena bayan ya yi kamar talatin a ciki, da kansa ya koma ya rage tarkacen da ya cusa a nasa. In yaro ya yi ta mutuwa ma Luigi, ɗan'uwan Mario, yakan leƙo ya ba shi kayan taimako, ko ya wuce masa. Akwai kuma darussan tantabarar nan Yamamura, sai dai surutunsu da yawa, kuma sai wanda ya iya karatu sosai.

Abban Nana:
Ni tawa matsalar daban ce amma ku bari in sauke ta a nan. Mun yi sati muna gini da 'yata a salon Super Mario World, ni da hannun wasa na Joy-Con ɗaya ita da ɗaya, tunda wannan na biyun ya yarda mutum biyu su yi gini lokaci guda. Sai ta ce tana son kayan kyanwa, wanda Mario ke hawa bango da shi. Shi kuwa sai a salon Super Mario 3D World. Sauran salo huɗun kana iya sauyawa tsakaninsu ginin yana nan, amma wannan na biyar kayan aikinsa daban ne, in ka koma cikinsa share fagen yake yi. Wasan ya yi gargaɗi, ni ne ban karanta ba, na danna. Ga shi ba mu adana aikin ranar ba. Kallon da yarinyar nan ta yi mini har yau ina tuna shi. Ku riƙa adanawa kafin ku taɓa komai.

Maman Tagwaye:
Abban Nana, sannu. Da fatan an biya diyya.

Abban Nana:
An biya, Hajiya. Kwana uku ina aikin lebura, ita tana ba da umarni.

Yayan Gida:
Ni ba uba ba ne, ƙannena nake riƙe wa wasan, amma bari in ce wani abu da ban ga an ambata ba. Ba dole ne sai an ɗora mataki kafin a ji daɗinsa ba. Ɗorawa da buga na mutanen duniya suna buƙatar rajistar Nintendo Switch Online, amma gini da bugawa a gida ba sa buƙatar komai. Mu huɗu muke bugawa a allo ɗaya, Mario da Luigi da Toad da Toadette, kuma matakin da ya gagari mutum ɗaya sau da yawa taron dangi yakan ci shi, ko da rabin lokacin a tattake kan juna yake ƙarewa. Tun da sabuntawar Afrilun 2020 ta kawo ginin duniya sukutum, wadda ke ɗaukar duniyoyi takwas da matakai arba'in, muka raba aiki: kowa da duniyarsa, autarmu ita ke da ta farko don nata ne masu sauƙi. Abin mamaki, nata aka fi komawa. Gangara ce kawai da sulalla da bututu biyu, amma mutum yana gudu yana jin iska.

Game da na mutanen waje kuma, Baban Uku, in ka bar shi ya shiga ƙalubalen da ba ya ƙarewa, inda wasan ke ta jero maka matakan jama'a ɗaya bayan ɗaya, ka ajiye shi a mai sauƙi. Can sama akwai matakan da ake kira kaizo, waɗanda sai ka yi tsalle a kan ƙoƙon kunkuru a tsakiyar iska, da kuma na 'yan tsokana da aka gina don kawai a yaudare ka. Ka koya masa cewa tsallake mataki ba abin kunya ba ne. Sannan akwai saƙonni da zane-zanen da 'yan wasa ke bari a cikin mataki, ana iya kashe su, ni na kashe wa ƙananan.

Tsohon Ɗan Wasa:
Yaron nan ya yi gaskiya a kan ajiye abu a gida. Na Wii U an daina karɓar sababbin matakai a Maris 2021, aka rufe intanet ɗinsa gaba ɗaya a Afrilun 2024. Kafin rufewar wasu 'yan wasa sun haɗa kai suna bin duk matakin da ba a taɓa wucewa ba ɗaya bayan ɗaya, na bi labarin kamar wasan ƙarshe na kofi. Nawa matakan da na ɗora a can sun tafi da lambobinsu. Waɗanda suka rage mini su ne na cikin na'urar, ciki har da wani shirme da babbar jikata ta gina tana 'yar shekara shida, ta rubuta sunanta da sulalla, harafi ɗaya a juye. Yanzu ta girma, in ta zo nakan kunna mata don tsokana.

Baban Uku:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ga yadda ta kaya. Ban wuce masa ba. Na ce masa ni zan buga, shi ya zauna ya kalla bakinsa a rufe, kamar yadda Hajiya ta ce. Na mutu sau goma sha ɗaya a wuri guda, yana ta dariya har da riƙe ciki, can sai dariyar ta tsaya, ya ce, "Abba, ai babu inda za ka taka." Na ce to kai da ka gina, ina kake takawa? Ya yi shiru. Ya karɓi hannun wasan ya cire Bowser biyu, ya bar ɗaya a ƙarshe, ya shimfiɗa gada a kan wutar, ya sa furen wuta kafin a isa wurin dodon. Fukafukan dai ya ƙi cirewa, ya ce a nan ne martabar matakin take, ban ja da shi ba.

A gwaji na bakwai ya wuce, ya yi ihun da ya tada ƙaninsa daga barci. Mun ɗora da yamma, ya kwafe lambar matakin mai harufa tara a bangon littafinsa. Da safe kafin ya wanke fuska ya je ya duba: mutum huɗu sun buga, biyu sun wuce, ɗaya ya bar masa zuciya. Yanzu tambayar da yake damuna da ita ita ce wane ne wannan mutumin, kuma a wace ƙasa yake. Baba, ya ce in tambaye ka wane irin littafi jikanka yake zane a ciki.