Ɗiyar yayana lamba biyar take bugawa, akwai abinci a tsaron baya kuwa?

Telan Ƙofar Ƙaura ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, amma don Allah wanda ya san wa'azi zai yi mani ya dakata tukuna, na sha shi a gida har na ƙoshi.

Ɗiyar yayana marigayi a hannuna take, shekarunta 16, tana aji biyu na babbar sakandare nan cikin Katsina. Doguwa ce, ta ɗara ni tsawo, kuma tun tana ƙarama ita ke tsare wa ƙannenta maza baya in suna ƙwallo a lungu. Yanzu a makaranta lamba biyar take bugawa, wato 'yar baya ta tsakiya. Ni nake ɗinka mata dogon wandon da take sawa ƙarƙashin gajeren, da ɗan hijabin da ba ya zamewa in ta sa kai. Malamin wasanninsu ya same ni har shago, ya ce yarinyar nan tana karanta wasa, ba ta rawar jiki in an taso mata, in na yarda zai nemo mata hanyar gwaji a wani kulob na mata. Uwarta ta ce duk abin da na yanke. Inna, wato kakarta, ta ce sai dai bayan ranta.

Maganar Inna ni zan ji da ita. Abin da ya tsaya mani shi ne: ni dai a gidan kallo sunan masu cin ƙwallo nake ji, Asisat Oshoala, Ajibade, su ake sa wa a talla. 'Yar baya fa? Tana samun abin da za ta riƙe kanta, ko wahala ce kawai da karaya? Kuma shekara nawa ake yi ana cin moriyar abin? In na ce ta koma gaba ta riƙa cin ƙwallo, na yi daidai?

Ɗan Karkanda ya amsa:

Wa alaikumus salam Malam Tela. Kar ka soma maida ta gaba. Masu son buga gaba sun yi yawa, ko'ina ka je gwaji su ne cike da fili, amma doguwar yarinya mai natsuwa a tsakiyar baya koci nemanta yake.

Je ka bincika tarihin Onome Ebi, shi ne amsar tambayarka ta shekaru. An haife ta a 1983, 'yar baya ce ta tsakiya kamar ɗiyarka. Ta je Kofin Duniya na 2003, 2007, 2011, 2015, 2019 da 2023. Sau shida, babu wani ɗan Afirka, namiji ko mace, da ya riga ta yin haka. A na ƙarshen tana da shekara 40, ita ce mafi tsufa a gasar gaba ɗaya. Dalili kuwa, mai buga gaba da gudu take ci, ranar da gudun ya ragu kasuwarta ta fara watsewa. 'Yar baya da ido take ci: ta san inda za ta tsaya tun kafin a bugo ƙwallon, ta san lokacin da za ta tura layi gaba a kama abokiyar hamayya da satar gida, ta san wadda za ta riƙe in za a yi bugun kusurwa. Wannan ƙaruwa yake yi da shekaru.

Sai dai ka lura da yadda tafiyar tata ta kasance, don nan ne mutane ba su dubawa. Ta daɗe tana bugawa a gida, har da Bayelsa Queens, ba ta fita waje ba sai 2009 da ta tafi Piteå a Suwidin, lokacin ta kai 25 ko ta ɗan haura. Daga nan Djurgården, sai Turkiyya, sai FC Minsk a Belarus, sai Henan a ƙasar Sin, daga baya har Sifaniya. Ba Barcelona ba, ba Chelsea ba. Ƙasashen sanyi, harshen da ba ta ji, kwantiragi gajere, ya ƙare ka ɗaure jaka. Haka rayuwar yawancinsu take, kuma ita tana cikin waɗanda suka yi sa'a.

Maganar suna, gaskiyarka. Tun da aka fara ba mata Ballon d'Or, kyautar gwanin ƙwallo na shekara, a 2018, 'yar baya ba ta taɓa ɗauka ba. Amma kuɗi ya fara juyowa. A Janairun 2025 Chelsea ta sayi Naomi Girma daga San Diego Wave a kan sama da dala miliyan ɗaya, ita ce mace ta farko da cinikinta ya haura miliyan, kuma 'yar baya ce ta tsakiya, iyayenta 'yan Habasha ne.

Kuma wa ya fidda mu 'yan Najeriya kunya a Kofin Duniya na 2023 a Ostireliya? Wasa huɗu muka buga, uku ba a ci mu ko ɗaya ba: Kanada, Ireland da Ingila duk canjaras babu ci. Ohale da Demehin a tsakiya, Alozie a dama, Plumptre a hagu. Ohale ma har ci ta yi ranar da muka doke masu masaukin 3 da 2. Ingila sai a fenareti ta fidda mu, bayan Plumptre ta buga ƙarfen raga da wani shot da har yau in na tuna raina ke ɓaci.

Malamar Sabuwar Unguwa ta amsa:

Ɗan Karkanda ka kawo masu daɗin, bari in kawo sauran.

Ita wannan Ebi da kake yabo, a wasan ƙarshe na Kofin Afirka na 2016 a Yawunde, wanda muka ci Kamaru 1 da nema, hannunta ya karye. Sun dawo da kofi, sai ga su zaune a otal a Abuja sun ƙi fita saboda ba a biya su alawus ba, har tattaki suka yi zuwa Majalisar Tarayya. A 2019 aka maimaita a Faransa bayan Jamus ta fidda su. A 2022 a Maroko suka ƙi fita atisaye kan kuɗin dai. Waɗannan fa Super Falcons ne, babbar tawagar mata ta Najeriya, saman kowa. To ina ga yarinyar da ke ƙaramin kulob, wadda ko ɗan jarida bai san da ita ba?

Na san za a ce ai a 2025 da suka ci Maroko 3 da 2 a Rabat, kofi na goma, Shugaba Tinubu ya sanar da dala dubu ɗari ga kowace 'yar wasa da gida da lambar girma. Haka ne. Kuma FIFA ta ware dala dubu 60 ga kowace 'yar wasan da ƙasarta ta kai zagayen 'yan 16 a 2023. Amma mutum ashirin da 'yan kai ne ke cikin tawaga, a ƙasar da 'yan mata dubbai ke bugawa.

Malam Tela, ni abin da zan ce maka: kar ta bar aji saboda gwaji. Michelle Alozie ɗin da aka ambata ta gama Jami'ar Yale, a 2023 tana buga wa Houston Dash kuma tana aikin bincike a asibitin yara na Texas. Ba lallai ɗiyarka ta je Yale ba, amma WAEC da NECO ba abin sakewa ba ne. Akwai ciwon jijiyar gwiwa da ya fi kama mata fiye da maza, in ta tsinke sai tiyata, sai jinyar da kan kai wata tara ko shekara, kuma 'yar baya kullum cikin tsalle da juyawa take. Ranar da hakan ta faru, takarda ce za ta tashe ta. Ko a harkar ta zauna, kwalejojin ilimi suna da sashen motsa jiki da lafiya, kuma makarantun 'yan matanmu malamai mata suke nema a wannan fanni ido rufe.

Dattijon Daura ya amsa:

Ɗana, ka ce ba ka son wa'azi, ba zan yi ba. Tambaya ɗaya gare ni. Ina kulob ɗin yake? Ni dai manyan kulob na mata da nake ji, Rivers Angels na Fatakwal, Edo Queens na Binin, Bayelsa Queens na Yenagoa. Na kusa da mu Nasarawa Amazons a Lafiya da Adamawa Queens a Yola, kuma ka san nisan Katsina da Yola. Marainiya 'yar 16, amana a hannunka, wa za ta zauna wurinsa? Wa zai raka ta? Kakar tata ba ƙwallon take tsoro ba, hanyar take tsoro. Ka amsa mata wannan kafin ka koma mata da maganar.

Ɗan Karkanda ya sake amsawa:

Baba Allah ya ƙara girma, tambayarka ta fi duk abin da na rubuta. In ƙara a kai: dokar FIFA ta hana a kai ɗan wasa ƙasar waje kafin ya cika 18, sai a wasu 'yan yanayi ƙalilan. Don haka duk dillalin da ya zo wa Malam Tela da zancen Turai yanzu, ya ce a kawo kuɗin biza ko na fom, ɓarawo ne. Kulob na gaske ba ya karɓar kuɗi a hannun yarinya. Hanyar da aka sani ita ce gasar makarantu, wasannin matasa na ƙasa da jiha ke tura tawaga, sai kulob na NWFL, wato gasar lig ta mata ta Najeriya, sai a kira ta Flamingos ta 'yan ƙasa da 17 ko Falconets ta 'yan ƙasa da 20. Demehin ta wannan hanya ta bi, daga Rivers Angels da Falconets ta wuce Reims a Faransa a 2022.

Sutura kuma, in za ta taimaka wurin Inna: tun 2014 aka halatta rufe kai a wasa. Nouhaila Benzina ta Maroko ita ce ta fara buga Kofin Duniya na manya da hijabi, a wasansu da Koriya ta Kudu a 2023, suka ci 1 da nema. Ita ma 'yar baya ce ta tsakiya. Ka nemo bidiyon a YouTube ka nuna wa tsohuwa.

Telan Ƙofar Ƙaura ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba, wallahi ban tambayi malamin garin da kulob ɗin yake ba sai da na karanta naka. Na kira shi ɗazu, ya ce bai tsaida ɗaya ba tukuna, akwai wanda ya sani a Lafiya. Na ce mashi a bar maganar sai ta zana jarrabawa, kuma ko lokacin, ƙafata ƙafarta, in shago ya hana ni uwarta za ta bi ta. Bai ji daɗi ba, ya ce shekara biyu a wannan harka ba wasa ba ce, sa'o'inta na kudu sun riga sun shiga kulob. Wataƙila yana da gaskiya, amma haka na yanke.

Malama, maganar gwiwar nan ta tsaya mani a rai. Filin makarantarsu tsakuwa ce da ƙasa mai tauri, kuma takalmin da take sawa na ƙanena ne, mai dogayen haƙora, ta cusa tsumma a gaba don ya yi mata yawa. Wane iri ya kamata in saya mata, kuma ana samu a Babbar Kasuwa ko sai na aika Kano?