Neman taimako: WebAssembly mai pthreads da hotunan wata sabar

Jama'a, ina neman shawara. Na haɗa manhajar gyaran hoto ta C++ da Emscripten (kayan aikin da ke mayar da C++ zuwa WebAssembly, tsarin da burauza ke iya gudanarwa), na sa -pthread da -sPTHREAD_POOL_SIZE=4 domin ta yi aiki da zare (threads, wato ayyukan da ke gudana a lokaci guda). Zaren ba ya tashi sai da SharedArrayBuffer (ma'ajiyar bayanai da zaruruwan ke amfani da ita tare), shi kuwa sai shafi ya aiko da kanun tsaro (headers) biyu, COOP same-origin da COEP require-corp. Na saka su, crossOriginIsolated (alamar cewa shafin ya cika sharuɗɗan) ya koma true, sauri ya samu.

Sai dai kash, hotunan da nake jawowa daga wata sabar duk burauza ta toshe su, don ba sa zuwa da Cross-Origin-Resource-Policy (kanun da ke ba wani shafi izinin amfani da su), kuma sabar ba a hannuna take ba. Sauya COEP zuwa credentialless ya warware matsalar a Chrome, amma Safari bai san da shi ba.

Shin dole sai na bi da hotunan ta tawa sabar, ko in fitar da wasm (WebAssembly) na biyu marar zare domin Safari?