Ta yaya ake tabbatar da cewa burbushin da aka tono na sabuwar halitta ne?

Ɗalibin Samaru:
Assalamu alaikum, malamaina da 'yan'uwa. Ina karatun ilimin duwatsu, kuma kusan kowace shekara ina ganin labarin cewa masana sun sanya wa wata halittar teku ta zamanin Kambiriyan sabon suna, wato halittu masu ɓawo da gaɓoɓin ƙafafu, dangin kunama da ƙaguwa, waɗanda suka rayu fiye da shekara miliyan 500 da suka wuce. Tun da abin da ake samu sawu ne kawai da ya baje a cikin dutse, ta yaya mai bincike yake sanin cewa sabon jinsi ne ya samu, ba guntun wata halitta da aka riga aka sani ba?

Tsohon Malamin Kimiyya, Tudun Wada:
Wa alaikumus salam, ɗana. Shakkar da ka kawo ta sha kama manyan masana. A 1892 wani masani mai suna Whiteaves ya bayyana wani burbushi daga Kanada, ya ɗauka jikin jatan lande ne marar kai, ya sa masa suna Anomalocaris. Bayan Charles Walcott ya gano duwatsun Burgess masu ɗauke da burbushi a Kanada a 1909, sai ya samu wani abu mai zagaye kamar yankakkiyar abarba, ya kira shi Peytoia, yana zaton irin halittar nan ce mai laushi da ke yawo a ruwa kamar lema, ya kuma sa wa wani gangar jiki suna Laggania. Sai a 1985 Whittington da Briggs, bayan sun yi ta kankare dutse a hankali, suka nuna cewa jatan landen hannun kamun abinci ne, zagayen kuma baki ne, duka a jikin irin dabba guda. Daga baya ma aka gane cewa dabbobi biyu ne 'yan'uwan juna aka cakuɗa. Shi ya sa mai bincike na kirki ba ya gaggawar raɗa suna kan burbushi ɗaya tak. Yana tara da yawa, ya ƙirga gaɓoɓin kai da na jiki, ya kuma tuna cewa waɗannan halittu suna yin saɓa kamar maciji, don haka ɓawon da aka yar da ƙaramin da bai girma ba suna iya kama da jinsi dabam.

Ma'aikaciyar Ɗakin Gwaji:
Malam ya faɗi babban sashe, ni kuma zan ƙara na ƙa'ida. Dole ne a ware samfuri guda wanda sunan zai rataya a kansa, a ajiye shi a gidan tarihi ko jami'a inda kowa zai iya zuwa ya duba, sannan a wallafa bayanin da ya nuna abin da ya bambanta shi da danginsa. A yau ana haska dutsen da na'urar hoton ciki irin ta asibiti amma mai ƙaramin ma'auni, musamman burbushin Chengjiang na lardin Yunnan a Sin, wanda Hou Xianguang ya gano a 1984, sai ƙafafun da laka ta binne su fito ba tare da an fasa komai ba.

Ɗalibin Samaru:
Na gode ƙwarai, Malam da Malama. To, ko akwai fatan samun irin wannan a dutsen Kufena?

Tsohon Malamin Kimiyya, Tudun Wada:
Babu, ɗana, domin Kufena narkakken dutse ne da ya huce a ƙarƙashin ƙasa, kuma zafi irin wannan ba ya barin sawun halitta. Idan kana son ka riƙe burbushi da hannunka a Najeriya, ka nufi yankin Sakkwato ko kwarin Binuwai, inda teku ya taɓa shigowa ya bar laka, sai dai abin da za ka tarar can ya zo ne ɗaruruwan miliyoyin shekaru bayan Kambiriyan.