Fayilolin sauti sun tsayar mini da aiki a Git

Assalamu alaikum ƴan uwa. Mu uku ne a nan Maraɗi muke haɗa manhajar da manoman gero da wake za su saurari bayanin noma da Hausa, akwai kuma abokin aikinmu a Tasawa. Muryoyin da muka naɗa duk fayilolin sauti ne na WAV, guda biyu sun wuce MB 100, iyakar da GitHub ke karɓa ga fayil ɗaya (GitHub shi ne shafin da muke tura aikinmu na Git, tsarin da ke adana tarihin canje-canjen aiki).

Na saka Git LFS, wato ƙarin Git mai kula da manyan fayiloli, na yi git lfs track "*.wav", na ga layin ya shiga fayil ɗin .gitattributes, amma turawa zuwa GitHub ta ƙi har yanzu. A fahimtata manyan fayilolin suna nan daram cikin tsofaffin commit, wato ajiyar aikin da muka yi a baya, shi kuwa track sababbi kaɗai yake kamawa.

An ce git lfs migrate import zai gyara, sai dai yana sake rubuta tarihi. Abin da ke damuna ke nan. Na Tasawa yana da aikin da bai turo ba, kuma kuɗin intanet ya yi masa yawa, ba zai iya sake sauke komai ba. Yaya zan yi aikinsa kada ya salwanta? Kuma akwai hanyar da zai jawo sautin da yake buƙata kawai? Don Allah wanda ya taɓa yi ya taimaka.