Firinta ɗaya a gida, kowa sai ya zo ɗakina da filash

Baban_Ummi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ina neman taimako, ina da firinta HP LaserJet P1102 a gida, irin mai kebul ɗin USB ce ba ta da wifi, tana jone da desktop ɗina mai Windows 10. Matsalar ita ce uwargida na da laftof, yarona ma da ke jami'a yana da tasa, kullum sai an zo da filash a tashe ni a kan aiki, shekaranjiya ma filash ɗin yaron ya kwaso min bairos. Dukkanmu wifi ɗaya muke hawa. Na nemi HomeGroup ɗin nan da na sani da, wanda ake haɗa kwamfutocin gida da shi su yi amfani da firinta ɗaya, ban ganshi ba sam. Ya ake yi yanzu?

Injiniya_Sabon_Gari:
Wa alaikumus salam. HomeGroup ai tun 2018 aka cire shi daga Windows 10, kar ka wahalar da kanka. A desktop ɗin ka shiga Printers & scanners, ka zaɓi firintar, Printer properties, sai Sharing, ka danna Share this printer ka sa mata gajeren suna ba tazara. Amma inda mutane ke faɗuwa shi ne wifi ɗin yana kan Public, dole ka mai da shi Private a duk kwamfutocin sannan ka kunna File and printer sharing, in ba haka ba har gobe ba za su ga juna ba. A laftof kuma ka danna maɓallin Windows da na R tare ka rubuta \\ sai sunan desktop ɗin, firintar za ta fito, ka danna ta sau biyu direba, wato manhajar da ke sarrafa firintar, zai sauka da kansa. In ta nemi fasuwod na desktop ɗin take nufi, ba na wifi ba.

Baban_Ummi:
Allah ya saka da alheri Injiniya, ta yi!! Ni da lambar desktop ɗin a kan wifi, 192.168 ɗin nan, na haɗa, amma yau da aka ɗauke wuta aka dawo da ita sai ta ce offline

Injiniya_Sabon_Gari:
Hhh shi ya sa na ce suna. Rauta, wato na'urar wifi ɗin, na iya canza wa desktop lamba duk sanda ta mutu ta tashi. Ko ka sake haɗawa da suna, ko ka shiga saitin rauta ka kafe masa lamba ɗaya.

Maman_Khairat:
Malam ka sani fa sai desktop ɗin na kunne, ko barci ya yi aiki ba zai fita ba. Mu haka muka yi ta fama wata biyu, a ƙarshe maigida ya sayar da ita ya cika kuɗi ya sayo mai wifi, har daga waya nake buga takardun yara yanzu.

Baban_Ummi:
Hajiya da wannan tsadar? Bari dai mu lallaɓa tukuna, tona ma, tawadar firintar, ban gama biyan kuɗinta ba