Jirage marasa matuƙa sun ƙi zuwa, mu kuma mun kasa bi da bi a kan titi

Mai Jiran Saƙo:
Assalamu alaikum. A watan Disamba na 2013 shugaban kamfanin Amazon na wancan lokaci, Jeff Bezos, ya shaida wa duniya cewa cikin shekara huɗu ko biyar jirage marasa matuƙa za su fara sauke kaya a ƙofar gida a cikin minti 30. Yau an haura shekara goma, amma mota da babur ne har yanzu suke kawo saƙo, kuma sau da yawa manhaja takan nuna mai kawo kayan ya tsaya cik a daidai inda hannu biyu na titi suka koma ɗaya. Shin fasahar ce ta gaza, ko kuwa mu masu tuƙi ne muke jawo jinkirin?

Mai Gyaran Na'ura:
Wa alaikumus salam, Malam. Fasahar tana aiki, sai dai an zuzuta ta fiye da ƙarfinta. Jirgin da aka yi alkawari kayan da bai wuce kilo 2.3 ba yake ɗauka, batirinsa ba ya kai shi nesa, iska mai ƙarfi da ruwan sama suna hana shi tashi, sannan hukumomin sufurin sama ba sa saurin ba da izinin tashinsa zuwa inda mai sarrafa shi ba ya hango shi. Ko Amazon ɗin sai a ƙarshen 2022 ya fara kai wa jama'a kaya da shi a wasu garuruwa biyu na Amurka, kuma a shekarar ce ya dakatar da gwajin Scout, ɗan akwatin nan mai taya da ke bin gefen titi. Inda abin ya yi amfani sosai shi ne Ruwanda, inda kamfanin Zipline ya fara kai jini asibitoci a 2016, domin kayan ba su da nauyi, ana buƙatarsu da gaggawa, ƙasar kuma duk tsaunuka ce.

Tsohon Direba:
Ɗan'uwa, rabin laifin namu ne. Da zarar mutane sun hango alamar cewa za a rufe hannu ɗaya, sai kowa ya yi gaggawar komawa ɗayan tun daga nesa, a bar rabin titi fayau, layi ya yi tsawon da bai kamata ba. Wanda ya bi hannun da babu kowa har bakin shinge kuma sai a ɗauke shi mazambaci, har wani ya raba motarsa tsakanin hannayen biyu don ya tare shi. Alhali a cikin cunkoso abin da ya dace shi ne a cika hannu biyun har ƙarshe, sannan a shiga ɗaya bayan ɗaya kamar haƙoran zif. A Jamus doka ce ta wajabta hakan, Beljiyam ma ta bi sahu a 2014.

Uwar Biyu:
Baba, na yarda da kai, amma da sharaɗi. Wannan tsari na lokacin da motoci ke tafiyar hawainiya ne. Idan hanya a sake take kuma ana gudu, komawa da wuri ya fi aminci. Sannan ba ya yiwuwa sai wanda ke hannun da ba a rufe ba ya bar tazarar mota ɗaya, ita kuwa tazarar nan ita ce mutane suka fi rowa da ita. Akwai kuma masu bin gefen kwalta su zo su cusa kai a gaba, ko su shiga su biyu a gurbin mutum ɗaya, kuma su ne suka sa jama'a suka daina yarda da duk wanda ya zo daga hannun da za a rufe.

Mai Jiran Saƙo:
Na gode muku. Baba, a ƙasashen da ka ambata, akwai alamar da ake kafawa a bakin shingen da ke umartar direbobi su shiga bi da bi, ko kuwa a makarantar koyon tuƙi kawai ake koyar da shi?