Musayar Waƙa: Wa Ya Miƙa Wa Yaro Tutar Rasha?

Kawu Mai Rediyo:
Salamu alaikum. Ƙwar biyu za mu yi, amsa-amo "ya". Ga nawa:

Zanga-zangar Agustan 2024 ban manta ba,
Kano ta cika da yara kan hanya.
Fari da shuɗi da ja a hannunsu,
Tutar Rasha ce, ba ta Najeriya.
Ka tare ɗaya ka ce, ina Mosko,
Gabas take ko yamma? Sai dariya.
A Yamai aka ɗaga ta a 2023,
Ya gani a TikTok, shi ma ya koya.
Wanda ya zuga shi na kan katifa,
Fanka na kaɗawa, yana latsa waya.

Ɗan Tela:
Kawu, da girmanka zan ɗan tanka,
Rabin zancen ka bar shi a baya.
Tun Mayun 2023 tallafin mai ya tafi,
Kwanon masara ya gagari masaya.
Cikin da ya kwana babu ko koko,
Ba sai an zuga shi ba, ya san wuya.
Har tela aka kama kan ɗinkin tutar,
Mai neman na cefane da kuɗin haya.
Ku da kuke kwana da sojojin baka,
A gidan rediyo, wa ya kai su ƙarya?
Yau ya yabi gwamna, gobe ya zage shi,
Bakinsa na wajen wanda ya biya.

Kawu Mai Rediyo:
Ɗan nan, ka taɓa ni inda ke ciwo, amma
Sojan baka bai taɓa sa ni fita da tsakar rana ba.

Ɗan Tela:
Kawu, ka karya amsa-amo!

'Yar Fagge:
Ku ɗan matsa min, ni ma in sa baki,
Gaisuwa Kawu, sannu da aiki Yaya.
A 2024 ɗin dai aka yi mainin na kirifto,
Samari na dangwalar ɓera a waya.
Mai mabiya dubbai ya ce, ku danna,
Satumba na zuwa, kowa zai yi dukiya.
Har mota wasu suka zaɓa a ransu,
Da launinta, da wadda za a kai wa kaya.
Ranar fashewa, kuɗin data bai fito ba,
Shi ko ya ci ladan gayyata tun jiya.

Malamar Firamare:
'Yata, kin yi gaskiya. Ni kotu zan koma, don nan ne abin ya tsaya min a rai.

Ɗaya ga Nuwamba, kotun tarayya,
A Abuja, aka jero su ɗaya-ɗaya.
Yara ƙanana, haƙarƙari a waje,
Wata uku a tsare, babu lafiya.
Tuhumar har da cin amanar ƙasa,
Ga wanda gemu bai fito masa ba ko ɗaya.
Wasu suka zube a gaban alƙali,
Yunwa ta hana ƙafa ɗaukar kaya.
Beli naira miliyan goma kowanne,
Uban da ke dako, ina zai iya?

Ɗan Tela:
Malama, ki ƙarasa, kar ki tsaya nan,
Wa ya nuna faɗuwar tasu ga duniya?
Bidiyon ya zaga kafin magariba,
Aka yi ca, manya suka ji kunya.
Kwana uku Tinubu ya ce a sake su,
To Kawu, wannan ma ai aikin waya.

Kawu Mai Rediyo:
Na ji, ɗan nan, wannan kam ka ci,
Ba na musu da abin da ke gaskiya.
Amma masu cewa "ku fito, ku fito",
Suna laif dare da rana ba gajiya,
Nawa ne cikinsu suka je Abuja,
Suka tsaya wa yaron da ya bi su baya?

'Yar Fagge:
Kawu, "baya" Yaya ya riga ka. Nemo wata kalmar, muna jira.